Tasirin Motsa Jiki da Wasan Jimnastik a Kan Ginuwar Ƙashin 'Yan Mata: Darasi ga Unguwar Manawashi ta Gombe

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, da zarar yarinya ta fara ƙirgar dangi sai iyaye su fara ja mata kunne game da guje-guje da tsalle-tsalle. Akan ce mata ta girma, lokaci ya yi da za ta natsu, ta rage fita dandali, ta koyi zama irin na manyan mata. Manufar wannan tarbiyya ita ce kunya da kamun kai, kuma babu mai musun darajarsu. Sai dai binciken da masana lafiya suka gudanar daga shekarun 1990 zuwa yau ya nuna cewa waɗannan shekaru da ake zaunar da yarinya a cikinsu su ne ainihin shekarun da ƙashinta ya fi buƙatar motsi, domin a cikinsu ne yake tara mafi yawan ƙarfin da za ta rayu da shi har tsufanta.

Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ƙashi yake ginuwa, da yadda motsa jiki yake shafar ginuwar tasa, da kuma abin da aka gano daga 'yan matan da ke wasan jimnastik, wato wasan nan na tsalle da alkafura da lilo da lanƙwasa jiki bisa ƙa'ida. Daga nan za a dubi yadda lamarin ya shafi 'yan matan unguwa irin Manawashi da ke cikin garin Gombe.

2.0 Yadda Ƙashi Yake Ginuwa

Mutane da yawa suna ɗaukar ƙashi tamkar busasshen icce wanda ba ya sauyawa. Alhali kuwa ƙashi abu ne mai rai, yana da jijiyoyin jini, yana da ɓargo, kuma kullum cikin rushewa da sabuntawa yake. Jikin baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma kimanin kashi 99 cikin 100 na sinadarin kalsiyam da ke jikin mutum a cikin ƙasusuwa da haƙora yake. Wannan sinadari shi ne yake ba ƙashi tauri, kamar yadda siminti yake ba bulo ƙwari.

Akwai ƙwayoyin halitta iri uku da ke gudanar da wannan aiki. Na farko su ne magina, masu shimfiɗa sabon ƙashi. Na biyu su ne marusa, masu narkar da tsohon ƙashi ko wanda ya tsage. Na uku su ne masu gadi, waɗanda ke binne a cikin ƙashin kansa, aikinsu shi ne su ji duk wani nauyi ko girgiza da ta faɗa masa, su aika saƙo ga magina da marusa. A lokacin ƙuruciya aikin magina ya fi na marusa yawa, shi ya sa ƙashi yake tsawo da kauri. Daga wajen shekara 20 zuwa 30 sai ayyukan biyu su daidaita, ƙashi ya kai iyakar ƙarfin da zai kai. Bayan haka sai marusa su fara rinjaye a hankali. Ga mace kuwa, rinjayen kan yi sauri bayan ɗaukewar haila, saboda raguwar sinadarin istirojin wanda yake taka wa marusa birki.

Idan rushewar ta yi yawa sai a sami cutar zaizayar ƙashi, inda cikin ƙashi yake zama rami-rami har ƙaramar faɗuwa ta karya shi. Wuraren da suka fi karyewa su ne kwatangwalo da ƙashin baya da wuyan hannu. Ƙiyasin da aka yi a duniya ya nuna cewa mace 1 cikin 3 da suka haura shekara 50 za ta gamu da irin wannan karaya. Ke nan dattijuwar da ta zame a bakin rijiya ta karye a kwatangwalo, ta kwanta watanni a hannun maɗori, mai yiwuwa ne asalin matsalarta yana can cikin shekarun ƙuruciyarta.

3.0 Dangantakar Motsi da Ƙashi

A shekarar 1892 wani likitan fiɗa Bajamushe mai suna Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana sauya siffarsa da kaurinsa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. A shekarar 1987 kuma Harold Frost na ƙasar Amurka ya faɗaɗa bayanin, ya nuna cewa ƙashi yana da wani ma'auni a cikinsa: idan nauyin da yake ɗauka ya wuce abin da ya saba, sai ya ƙara gini, idan ya gaza haka, sai ya rage. Hujja a kan wannan ta fito fili daga 'yan sama-jannati, waɗanda kan yi asarar kimanin kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na ma'adinin ƙashin kwatangwalonsu a kowane wata da suka yi a sararin samaniya, inda jiki ba shi da nauyi.

Bincike ya fitar da wasu ƙa'idoji game da irin motsin da ƙashi ya fi amsawa:

(a) Nauyi mai zuwa yana tafiya, kamar dirowa daga tsalle, ya fi tasiri a kan nauyin da ke zaune wuri ɗaya.

(b) Nauyi mai ƙarfi wanda yake faɗowa farat ɗaya ya fi mai sauƙi wanda ake maimaitawa tsawon yini.

(c) Motsin da ke zuwa ta fuskoki daban-daban, gaba da baya da gefe, ya fi wanda ƙashi ya riga ya saba da shi.

(d) Ɗan gajeren lokaci ya wadatar, muddin ana hutawa ana sakewa, domin ƙwayoyi masu gadi sukan daina sauraro idan abu ɗaya ya yi ta maimaituwa.

(e) Ƙashin da ya ɗauki nauyin shi ne yake ƙaruwa. Tsalle yana gina ƙafa da kwatangwalo, dafa ƙasa da hannu yana gina hannu.

Waɗannan ƙa'idoji su ne suka bayyana dalilin da ya sa iyo a ruwa da tuƙa keke, duk da amfaninsu ga zuciya da huhu, ba sa ƙara wa ƙashi wani abin kirki. A cikinsu jiki ba ya dira a ƙasa.

4.0 Muhimmancin Shekarun Balaga

Daga shekarar 1991 wasu masana a Jami'ar Saskatchewan ta ƙasar Kanada, ƙarƙashin jagorancin Donald Bailey, suka riƙa auna ƙashin yara maza da mata shekara bayan shekara. Sakamakon da suka fitar a 1999 ya nuna cewa 'yan mata sun fi tara ma'adinin ƙashi a wajen shekara 12 da rabi, wato kusan daidai da lokacin fara haila, maza kuwa a wajen shekara 14. A cikin shekara 2 kacal da ke kewaye da wannan lokaci, yaro kan tara kimanin kashi 26 cikin 100 na dukkan ma'adinin ƙashin da zai mallaka idan ya girma. Haka kuma sun gano cewa 'yan matan da suka fi motsa jiki sun fi takwarorinsu marasa motsi yawan ma'adinin ƙashi da kimanin kashi 17 cikin 100.

Ya kamata a lura cewa shekarun da aka ambata na yaran Kanada ne. Lokacin balaga ya bambanta daga yarinya zuwa yarinya, kuma ƙarancin abinci kan jinkirta shi. Saboda haka alamar da uwa za ta riƙe ita ce ta jiki: daga fara ƙirgar dangi zuwa shekara 2 bayan fara haila, ƙashi yana cikin ganiyar gininsa.

Wani bincike da Pekka Kannus da abokan aikinsa suka wallafa a 1995 a ƙasar Finlan ya ƙara tabbatar da haka ta hanya mai ban sha'awa. Sun auna hannuwan mata 'yan wasan tanis da wani wasa makamancinsa, suka kwatanta hannun da ke riƙe da abin bugu da ɗaya hannun. Tun da hannuwan biyu na mutum ɗaya ne, gado ɗaya ne, abinci ɗaya ne, duk bambancin da aka gani daga wasan ya fito. Sun tarar cewa fifikon hannun wasa ya ninka sau 2 zuwa 4 ga matan da suka fara wasan kafin haila ko a daidai lokacinta, idan aka kwatanta da waɗanda suka fara bayan sun manyanta. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to ƙashi ma haka yake.

5.0 Abin da Aka Koya Daga Wasan Jimnastik

5.1 Amfaninsa

Masana sun mayar da hankali kan jimnastik ne domin ya tattara dukkan ƙa'idojin da aka lissafa a sashe na 3.0. Mai tafiya a ƙasa tana ɗora wa ƙafarta nauyin da bai wuce na jikinta da yawa ba, mai gudu kuwa ninki 2 zuwa 3. Amma 'yar jimnastik da ta diro daga alkafura tana iya ɗora wa ƙafarta ninki 10 na nauyin jikinta ko fiye da haka, cikin ƙiftawar ido. Bugu da ƙari, tana tsayuwa da hannu tana kuma lilo da shi, don haka hannuwanta ma suna samun rabonsu.

A shekarar 1998 Shona Bass da abokan aikinta a birnin Melbon na ƙasar Ostareliya suka nuna cewa 'yan matan jimnastik waɗanda ba su balaga ba sun fi sa'o'insu ƙwarin ƙashi a hannu da ƙafa da baya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, sun auna manyan matan da suka daɗe da barin wasan, suka tarar har lokacin ƙashinsu ya fi na sauran mata. Binciken da aka yi daga baya a Kanada ya sake nuna cewa fifikon yana nan kimanin shekara 10 bayan barin wasa, kuma ƙananan yaran da ke yin wasan don nishaɗi kawai, na awa 1 ko 2 a mako, su ma suna amfana.

5.2 Illolinsa Idan Ya Yi Yawa

Duk da haka, jimnastik na gasar ƙasa da ƙasa yana da nasa haɗari. A ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro akwai guringuntsin girma, wanda daga gare shi ne ƙashi yake ƙara tsawo, kuma ya fi sauran ƙashin rauni. Yawan dafa ƙasa da hannu na awoyi masu yawa a kowane mako kan jikkata wannan guringuntsi a wuyan hannu. Yawan lanƙwasa baya kuma kan tsaga wani sashe na ƙashin baya.

Haɗari mafi girma shi ne na yunwa. Idan yarinya tana horo mai tsanani amma ana tauye mata abinci don kada ta yi jiki, hailarta kan jinkirta ko ta ɗauke, istirojin ya ragu, ƙashi ya fara zaizaya tun tana ƙarama. A shekarar 1992 likitocin wasanni a Amurka suka ware wannan matsala mai kusurwa uku, wato ƙarancin abinci da ɗaukewar haila da raunin ƙashi, suka ba ta suna na musamman. Damuwa a kan lafiyar ƙananan 'yan wasa tana cikin dalilan da suka sa hukumar jimnastik ta duniya ta mayar da mafi ƙarancin shekarun shiga gasar manyan mata zuwa 16 daga shekarar 1997. Kafin nan, Nadia Comaneci ta ƙasar Romaniya tana da shekara 14 ne lokacin da ta yi fice a gasar Olamfik ta 1976.

5.3 Tsalle Kaɗan Ya Wadatar

Tambayar da ta biyo baya ita ce ko yarinyar da ba ta da ɗakin horo za ta iya samun wannan amfani. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2001, Robyn Fuchs da abokan aikinta a jihar Oregon ta Amurka sun sa 'yan firamare suna dirowa daga akwati mai tsayin santimita 61, sau 100 a rana, kwana 3 a mako, na tsawon wata 7. A ƙarshe ma'adinin wuyan ƙashin cinyarsu ya fi na yaran da ba su yi tsallen ba da kashi 4.5 cikin 100, na ƙashin baya kuma da kimanin kashi 3. A lardin Biritish Kolombiya na Kanada ma an sami sakamako makamancin wannan ga 'yan matan da suka fara balaga, ta hanyar tsalle-tsalle na minti 10 zuwa 12, sau 3 a mako, a cikin makaranta. Ke nan sirrin yana cikin tsalle da dira, kuma waɗannan ba sa buƙatar kayan aiki masu tsada.

6.0 Halin da Ake Ciki a Manawashi

Tun da aka ƙirƙiri Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauci a ranar 1 ga Oktoba 1996, garin Gombe ya zama babban birni, jama'a suka yi ta kwararowa, gidaje suka cinye filayen da a da yara ke wasa a cikinsu. Manawashi tana cikin unguwannin wannan gari, kuma sauyin da ya sami rayuwar 'yan mata a biranen Arewa bai bar ta a baya ba. Garin yana da filin wasa na Fantami, amma wasan jimnastik bai yi ƙarfi a Nijeriya baki ɗaya ba. Sai a gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021 ne aka sami ɗan Nijeriya na farko, Uche Eke, da ya shiga wannan fanni.

Amma idan aka auna wasannin gargajiya na 'yan mata da ƙa'idojin sashe na 3.0, za a ga cewa Bahaushiya ta daɗe da nata irin jimnastik. A wasan gaɗa, 'yan mata kan yi da'ira suna tafi da waƙa, ɗaya ta shiga tsakiya ta taka rawa, ta faɗo da baya, sauran su cafe ta su cilla ta sama ta dira a ƙafafunta. A 'yar gala-gala ana zana gidaje a ƙasa, yarinya ta riƙa tsallaka su da ƙafa ɗaya. Ga kuma tsallen igiya da wasan ɓuya mai haɗe da gudu da juyi. Duk waɗannan motsi ne mai ƙarfi, mai sauya fuska, mai zuwa a taƙaice tare da hutu a tsakani. Ayyukan gida ma suna da nasu rabo: daka da surfe da jan guga suna aiki da damtse da kafaɗa da baya.

A yau injin niƙa ya karɓe aikin turmi a gidaje da yawa, babur mai ƙafa uku ya rage tafiyar ƙasa, talabijin da wayar hannu sun maye gurbin dandali. Yinin yarinya kan rabu tsakanin zaman aji a boko da zaman Islamiyya da aikin gida. Wannan matsala ta game duniya, domin wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa kashi 85 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun isasshen motsa jiki, maza kuwa kashi 78.

Wani zai ce ai mai talla tana yini tana yawo da kaya a ka. Gaskiya ne tafiya ta fi zama, amma faranti a ka nauyi ne mai zama wuri ɗaya, kuma tafiyar sannu motsi ne da ƙashi ya riga ya saba da shi. Idan kayan ya yi nauyi ma, wuya da baya ne suke shan wahala. Saboda haka talla ba ta biya buƙatar da gaɗa take biya ba.

7.0 Abinci da Hasken Rana

Magini ba ya aiki sai da kayan gini. Motsi yana ba da umurnin a gina ƙashi, abinci ne yake kawo kalsiyam, bitamin D kuma, wanda fata take samarwa idan rana ta taɓa ta, shi ne yake taimaka wa hanji ya tsotse shi. A nan Arewa wannan batu yana da nauyi. A shekarar 1999 Tom Thacher da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka wallafa bincike a kan yara 123 masu ciwon laushin ƙashi, wanda ke jawo gwame ko lanƙwashewar ƙafa kamar baka. Sun gano cewa yaran ba sa samun fiye da kimanin miligiram 200 na kalsiyam a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. A ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka, buƙatar mai shekara 9 zuwa 18 ita ce miligiram 1,300 a rana.

Tuwon masara da na dawa da na gero ba su da kalsiyam mai yawa, kuma suna ɗauke da wani sinadari da ke rage tsotsar ɗan abin da ke akwai. Abincin da ke cike wannan giɓi kuwa sananne ne a kasuwannin Gombe: nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan kifi da ake ci har da ƙaya. Game da rana, Gombe tana kusa da digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, hasken yana nan duk shekara. Wasa ko aiki a tsakar gida da hantsi, fuska da hannuwa a buɗe, yana taimakawa ƙwarai ba tare da an keta sutura ba.

Akwai wani dalili da ya sa ƙashin 'ya mace ya cancanci kulawa ta musamman. Ƙashin ƙugu yana ci gaba da faɗaɗa bayan tsawo ya kusa tsayawa, kuma laushin ƙashi na ƙuruciya kan iya tsuke shi, abin da ke jawo doguwar naƙuda. Haka nan mai shayarwa tana ba jaririnta kalsiyam daga ƙashinta, ko da yake yawanci yakan dawo bayan yaye. Yarinyar da ta ɗauki ciki alhali nata ƙashin bai gama ginuwa ba tana ɗauke da gini biyu a lokaci guda.

8.0 Shawarwari

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce yara masu shekara 5 zuwa 17 su sami matsakaicin minti 60 na motsa jiki a kowace rana, tare da motsin da ke ƙarfafa ƙashi da tsoka aƙalla kwana 3 a mako. Ana iya cim ma wannan a Manawashi ta hanyoyi kamar haka:

(a) Iyaye su bar 'yan mata su ci gaba da gaɗa da gala-gala da tsallen igiya a tsakar gida ko cikin 'yan uwansu mata, musamman bayan fara ƙirgar dangi. Ya zo a ruwayar Abu Dawuda cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita.

(b) Makarantun boko su raya darasin motsa jiki da ke cikin manhaja a fili, kada ya tsaya a allo, kuma malamai mata su jagoranci 'yan mata. Makarantun Islamiyya ma za su iya ware minti 10 kafin a shiga aji.

(c) A fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, a dira a kan yashi ko ƙasa mai laushi da gwiwa a ɗan lanƙwashe, a kuma guji tsakar rana a watannin bazara.

(d) Alkafura da tsayuwa da hannu sai a gaban mai horarwa da ya san aikin.

(e) Yarinya mai sikila, ko mai ciwon gaɓa da ya ƙi tafiya, ko wadda hailarta ta ɗauke wata 3 ba tare da dalili ba, a kai ta asibiti kafin ta ci gaba.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa ƙashi yana ginuwa gwargwadon nauyin da yake ɗauka, kuma shekarun da ke kewaye da fara haila su ne mafi tasiri a rayuwar ƙashin mace. Wasan jimnastik ya bayyana iyakar abin da tsalle zai iya ginawa, ya kuma bayyana ɓarnar da horo mai tsanani tare da yunwa ke yi. Abin da yarinyar Manawashi take buƙata bai wuce 'yan mintoci na tsalle sau 3 a mako ba, da kofin nono ko miyar kuka mai kifi, da ɗan hasken hantsi. Tarbiyyar kunya da lafiyar ƙashi za su iya tafiya tare idan aka samar wa 'yan mata wurin wasa da ya dace da mutuncinsu. Abin da aka tara a waɗannan shekaru shi ne mace za ta dogara da shi a ɗakin haihuwa da kuma kwanakin tsufa.